Kafin Ka Cire Shi Daga Zauren WhatsApp, Ina Hujjarka?

Assalamu alaikum, admin-admin na zaurukan zango, daga Nima da Mamobi a Accra har Aboabo da Asawase a Kumasi, ƙasar Ghana.

Kun cire wani saboda zage-zage. Bayan sati biyu sabuwar lamba ta shigo, sai jama'a su ce ai shi ne ya dawo. To, kama da wane ba wane ba ne. Salon rubutu ba hujja ba ne, domin samarin unguwa ɗaya duk haka suke cuɗa Hausa da Turanci da Twi. Hoton furofayil kuma kowa na iya kwafa.

Wasu kan danna *170#, su sa lambar kamar za su tura kuɗi ta MoMo, wato asusun kuɗi na waya, don sunan mai layin ya fito kafin a sa PIN. Yana taimakawa, amma ku yi hattara. Sunan wanda ya yi rajistar layin da Ghana Card, katin shaidar ɗan ƙasa, kawai yake nunawa, kuma sau da yawa uwa ce ko yaya ya yi wa yaro rajistar. Waya ɗaya ma takan zagaya gida guda. In da wannan kaɗai kuka yi hukunci, ƙanen mai laifi ne zai sha kora.

Ku hukunta abin da mutum ya rubuta a gabanku. Admin biyu su ɗauki hoton saƙon daga wayoyinsu, da rana da lokaci, da maganar da ta gabace shi, tun kafin a goge. Hoton da wani ya turo daga waje kada a dogara da shi, haɗa na bogi ba wuya. Sannan a kira mutumin a keɓe a ji ta bakinsa, kuma admin ɗin da suka yi rigima da shi ya janye daga shari'ar. Karo na farko gargaɗi, na biyu dakatarwa ta sati biyu, na uku kora, a faɗa masa dattijon da zai kai wa kuka.

Ƙofar ma a gyara ta: ku sabunta link ɗin gayyata, ku kunna amincewar admin kafin sabon mutum ya shiga.

Damfara da barazanar yaɗa hotunan tsiraici ba sa jiran gargaɗi. A cire mai yin su nan take, a adana saƙonnin, a kira 292, layin Hukumar Tsaron Intanet ta Ghana.