Amsoshin Tambayoyinku: Tabaran wasan bidiyo da surar furotin

Jama'a masu saurare, barkanmu da warhaka. Wasiƙarmu ta yau daga unguwar Yantala ta fito, nan Yamai. Wani magidanci ne ya rubuto, ya ce ɗansa mai karatu a Jami'ar Abdou Moumouni ya gaya masa wai da tabaran nan na wasan bidiyo, mai rufe idanu ruf, masana ke duba surar sinadaran jikin mutum. Shin gaskiya ne, ko yaron abin wasa yake so a saya masa?

Alhaji, ɗanka gaskiya ya faɗa. Tabarau irin su Meta Quest don ƴan wasa aka ƙera su, amma kowane ido hotonsa daban ake nuna masa, hotunan biyu sun ɗan saɓa, domin tsakanin idanunmu akwai tazarar kusan santimita 6. Ƙwaƙwalwa ta haɗe su, sai mutum ya ga zurfi, ya bambanta na kusa da na nesa. Manhajar ChimeraX, wadda ke nuna surar sinadaran jiki a kwamfuta, ta Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko, tana aiki da irin wannan tabarau. Mai nazari sai ya kama surar furotin, wato ɗaya daga sinadaran da ke gina jiki suna yi masa aiki, da hannu, ya jujjuya shi, ya leƙa lungun da magani zai shiga ya zauna.

Mu ɗauki sikila, wadda ta addabi gidaje da yawa a Nijar. Furotin ɗin da ke ɗaukar iskar oksijin a jini, wato hemogulobin, sarƙoƙi 4 gare shi. Kowace sarƙa jerin ƙananan sinadarai ce. A jikin mai sikila, a sarƙar da ake kira beta, a gurbi na 6, sinadarin valin ne ya maye gurbin sinadarin gulutamik asid, shi ke nan fa. A takarda ɗigo ɗaya ne kawai. Amma da ka juya surar, za ka ga valin ɗin a bayan furotin yake, a waje. Idan oksijin ya yi ƙaranci sai valin ɗin ya maƙale a lungun wani hemogulobin da ke maƙwabtaka da shi, wannan ya kama wancan har su zama dogon zare mai tauri, ƙwayar jinin ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan jijiyoyi. Daga nan ciwon da ke hana yaranmu barci yake tasowa.

Sai dai Alhaji, kada ka yi gaggawar cire kuɗi. Tabaran yana da tsada, ChimeraX na bukatar kwamfuta mai ƙarfi, wasu ma jiri yake sa su. A ganina wannan kayan ɗakin gwaji ne, jami'a ya kamata ta tanada wa ɗalibai su yi amfani da shi tare. Ma'ajiyar surorin furotin mai suna Protein Data Bank, da aka buɗe a 1971 da surori 7, yau tana da sama da 200,000, kuma kyauta ce a intanet. Ka ce wa yaron ya shiga da salularsa, ya rubuta 2HBS, hemogulobin na sikila zai fito, ya juya shi da yatsa ya nuna maka gurbin nan na 6.