Ƙwaƙwalwar Mota Ba Ta Buɗe wa Baƙo Ƙofa

Jama'a, assalamu alaikum. Kafin sallah mun tsaya a kan karanta lambobin matsala. Wannan ko yaron shago zai iya: ka soka na'ura a soket ɗin OBD mai ƙafa 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, mota ta faɗa maka ciwonta. Amma ranar da ka ce za ka canza wani abu a ƙwaƙwalwarta, wato kwamfutar da ke sarrafa ta, a bakin ƙofa za ta tare ka.

A ƙa'idar UDS (ISO 14229), wato yaren da na'ura da ƙwaƙwalwar mota ke magana da shi, akwai umarni mai lamba 27 na neman izinin shiga. Na'urarka za ta yi sallama, ƙwaƙwalwa ta miƙo mata wata lamba da ake kira iri. Na'ura ta juya irin nan da lissafin da kamfanin motar ya ɓoye, ta mayar da amsa, shi ne mabuɗi. In ya dace, bismillah. In bai dace ba, za ka ga lamba 35, wato mabuɗin ba daidai ba ne. Ka dage da canki-canka, sai ta ba ka 36, wato gwajin ya yi yawa, daga nan 37, ma'ana zauna ka jira.

Kada ku ce mugunta ce. A 2015, masu binciken tsaron kwamfuta Charlie Miller da Chris Valasek sun kutsa cikin Jeep Cherokee ta intanet tana tafe a titi, har Fiat Chrysler ya janye motoci miliyan 1.4 don gyara. Daga 2018 ya fara sa mai gadi tsakanin soket da sauran ƙwaƙwale, sai da rajista na'urarka za ta wuce. Volkswagen ma ya kawo nasa makullin, SFD, a motar Golf 8. Motocin nan suna shigo mana.

To, saitin ƙwaƙwalwa, nan nake so ku kasa kunne. Ka sayo ƙwaƙwalwar birki ta Baljiyam a Ƙofar Ruwa, lambar jikinta ta yi daidai, amma tana ɗauke da bayanin motar da aka ciro ta. Sai ka sanar da ita injin wannan motar, giyarta, girman birkinta. Ni kaina na taɓa cire tsohuwa ban kwafi saitinta ba, motar mutane ta kwana uku a garejina fitilar ABS, ta gargaɗin birki, a kunne. Wallahi har yau ina jin kunyar mai motar, kuma birki ne, ran mutane ne.

Saboda haka kafin ka taɓa komai, ɗauki hoton tsohon saitin da wayarka. Ka jona caja a batir, don in wuta ta faɗi ana tsakiyar rubutu, ƙwaƙwalwar na iya mutuwa. Malam na baya, na ga hannunka, bismillah.