Baldur's Gate na 1998: inda ya burge ni da inda ya gajiyar da ni

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka, daga nan Kaduna nake magana. Yau tsohon gem za mu tono, Baldur's Gate, ba na uku da ya fito 2023 kowa ke ta zancensa ba, a'a kakansa nake nufi, wanda ya fito a watan Disamba 1998. Ni ban same shi a lokacinsa ba, daga baya ne yayana ya sa min shi a wata laftof ta hannu, kuma daga nan zuwa yau sau uku na kai ƙarshensa. Zan taɓa labarin kaɗan amma ba zan tona muku ƙarshe ba.

Kamfanin BioWare na birnin Edmonton a Kanada ne ya yi shi, kuma likitoci ne suka kafa kamfanin, cikinsu har da Ray Muzyka da Greg Zeschuk. A faifan CD biyar ya zo. Dokokinsa daga Dungeons & Dragons aka ɗauko, wasan nan da ake yi a kan tebur da takarda da ɗan lido, sai dai nasu ɗan lidon har mai fuska 20 akwai. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Kai maraya ne da ka tashi a Candlekeep, wani gidan littattafai mai ganuwa a bakin teku, a hannun wani dattijo Gorion. Rana ɗaya ya ce tattara kayanka mu gudu, bai faɗa maka dalili ba, kuna fita da dare aka tare ku, wani ƙato cikin sulke ya kashe shi a gabanka. Gari na wayewa ga ka a daji, ba uba, ba kuɗin kirki, sai Imoen da kuka tashi tare ta biyo ka.

To a nan ne gem ɗin ya kama ni wallahi. Yawancin gem na yanzu tun minti na farko kai ne jarumi, kana sara ana faɗuwa. Nan kuwa kai ba kowa ba ne. In matsafi ka zaɓa, makin ranka wajen huɗu ne kacal, tsafi ɗaya tal gare ka, in ka jefa shi sai ka kwanta ka yi barci kafin ya dawo. Kerkeci guda ɗaya ya isa ya gama da kai. Shi ya sa duk taku da tsoro kake yinsa, in ka hango fitilar masauki daga nesa sai ka ji hankalinka ya kwanta da gaske. Kuma ranar da ka hau lebul na biyu, bayan wahalar awoyi, za ka ji daɗin da gem mai ba ka lebul goma a zama ɗaya ba zai taɓa ba ka ba, don da guminka ka samu.

Sannan matsalar da ta buɗe labarin ba wani dodo mai son cinye duniya ba ne, ƙarfe ne ya lalace. Ƙarfen da ake haƙowa a ma'adinan Nashkel ya zama mai gautsi, 'yan fashi sun tare hanyoyi suna kwace wanda ya rage, farashi ya tashi, har ana batun yaƙi tsakanin birnin Baldur's Gate da ƙasar Amn. Ku ɗauka a ce a Panteka duk abin da aka ƙera, kwana biyu ya karye a hannun mai shi, maƙeri ya rasa na cefane, manomi ya rasa fartanya. Kuma ba a baki kawai ake faɗa maka ba, takobinka da ka saya da kuɗinka zai iya karyewa kana tsakiyar faɗa. Batun hanya ta zama abin fargaba kuwa, mu mutanen Kaduna ba sai an yi mana bayani ba, da na ji fataken cikin gem ɗin suna kukan an tare ayarinsu jikina ya yi sanyi.

Mutum shida kake tafiya da su har da kai. Faɗa yana gudana kai tsaye amma ka danna dogon maɓallin nan na ƙasan kibod komai ya tsaya cak, ka ba kowa umarni, wannan ya tare gaba, wannan ya harba kibiya, wannan ya yi magani, sai ka sake. Abokan tafiyar kuma kowa da halinsa. Minsc, ƙato mai zuciyar yara da ke yawo da wani ɗan ɓera mai suna Boo, in ka yi masa alkawarin ceto Dynaheir, matsafiyar da yake gadi, ka tsaya jan ƙafa, juyowa zai yi kanka. Khalid da Jaheira mata da miji ne, ka sallami ɗaya ɗayan ya bi shi. Ka haɗa nagari da mugaye a tawaga ɗaya, su yi ta cacar baki har wata rana su zare makami.

Yanzu inda ya gaza, kuma ba kaɗan ba ne.

Gem ɗin ba ya koya maka lissafinsa, ya ɗauka ka riga ka san wasan teburin. A nan makin sulke in ya yi ƙasa shi ne mai kyau, mara sulke 10, mai sulken sarƙa 5, don haka sabon shiga zai sa sulke mai tsada ya ga lamba ta ragu ya ɗauka cutarsa aka yi. Ga kuma wani abu wai shi THAC0, lambar da ake lissafa ko saranka zai shiga da ita. A lebul na ɗaya naka 20 ne, in abokin gaba sulkensa 6 sai a cire, saura 14, to sai ɗan lidon ya ba ka 14 ko sama kafin saranka ya shiga, wato sau bakwai cikin ashirin. Kuma sara ɗaya ake ƙirga maka duk daƙiƙa shida, sauran wurga hannun da kake gani a sikirin ado ne kawai. Da an yi wa mutum wannan bayanin tun farko da mutane da yawa ba su ajiye gem ɗin a rana ta farko ba.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne yadda mutanenka ke neman hanya. Ka ce su je can, biyar su tafi, ɗaya ya ga an tare ƙofa sai ya juya ya zagaya ta wani lungu shi kaɗai ya faɗa tarko ko hannun abokan gaba. A kangon Firewine, inda lungunan suke da matsi kamar layukan cikin Kasuwar Barci, sai ka ja su ɗaya bayan ɗaya kamar awaki. Ka zo fita daga wuri kuma wata murya ta ce sai ka tattaro mutanenka tukuna, za ka ji ta har ka haddace.

Dazuzzukan ma wasu fili ne kawai, ka yi ta share duhun taswira minti ashirin ka samu abu ɗaya ko biyu. Birnin da gem ɗin ke ɗauke da sunansa ba za ka shige shi ba sai babi na biyar, kuma kana shiga ayyuka su rufto maka lokaci guda. In wani cikin tawaga ya mutu kana iya biya a tashe shi, amma in kai ne ka faɗi shi ke nan, sai lodin. Abokan tafiyar nan da na yaba ma, bayan ka ɗauke su ba su cika yin doguwar hira da kai ba, sai a na biyu da ya fito 2000 aka gyara wannan sosai.

Wani abu da ya kamata in faɗa tsakani da Allah, duniyar gem ɗin cike take da tsafi da gumakan ƙirƙira, kuma suna da hannu a tsakiyar labarin. Ni a matsayin tatsuniya na ɗauke shi, amma iyaye su san da haka kafin su miƙa wa yaro. Rubutu ma yana da yawa kuma da Turanci ne, wanda ba ya son karatu zai gaji.

In za ka gwada, nemi Enhanced Edition, wato gyararren bugun da kamfanin Beamdog ya fitar 2012, akwai shi har a Android, kuma tsohuwar laftof ma tana ɗaukarsa. Karon farko kar ka zaɓi matsafi, ɗauki mayaƙi, ka sayi baka da kibau tun a Candlekeep, don a wannan gem ɗin kibiya ta fi takobi amfani a farkon tafiya. Kowa a tawaga ka ba shi abin harbi, ko majajjawa ce. Ka riƙa danna Q kana sebin a kai a kai, balle mu da ake ɗauke mana wuta ba sallama. Kuma in ka iso masaukin Friendly Arm, yi sebin kafin ka taka matakala, akwai wani matsafi Tarnesh da ke jiranka a wurin.