Ƙullutun efidamoyid a gindin ƙwaƙwalwa: yadda ake yi masa tiyata

Akwai wani wuri a cikin kai, daidai bayan kunne ta ciki, inda gindin ƙwaƙwalwa ya haɗu da ƙaramar ƙwaƙwalwa. A cikin kai, nan ƙullutun efidamoyid ya fi zama, wato wata jaka mai cike da mataccen ɓawon fata. Ba ciwon daji ba ne, kuma ba kasafai ake samunsa ba: kusan kashi 1 cikin 100 ne na ƙarin da ke fitowa a cikin ƙoƙon kai.

Tun a cikin mahaifa ake samunsa. Tsakanin mako na 3 da na 5 na ɗaukar ciki, wasu ƙwayoyin fata sukan maƙale a inda ƙwaƙwalwa ke haɗuwa. Su zama jaka, su riƙa zubar da mataccen ɓawon fata a cikinta, tana cika a hankali. Shi ya sa galibi alamomi ba sa bayyana sai mutum ya kai shekara 20 zuwa 40: ciwon fuska mai fizga kamar lantarki, raguwar ji a kunne ɗaya, jiri, ko motsin gefen fuska ba da son mutum ba.

A hoton MRI na yau da kullum yakan yi kama da jakar ruwa. Wani nau'in hoton MRI da ake kira DWI ne ke bambance su, domin efidamoyid yana fitowa fari tas.

Magani ba ya narkar da shi. Sai tiyata. Likita zai buɗe ƙaramar ƙofa a ƙashin bayan kunne, ya zuƙe ruwan ƙwaƙwalwa kaɗan don ta saki, sannan ya shiga da madubin tiyata, yayin da na'urori ke lura da jijiyar ji da ta fuska. Abin da ke cikin jakar fari ne mai laushi, kwashe shi ba wuya.

Wahalar tana bangon jakar. Siriri ne, yana manne wa jijiyoyi da ƙananan hanyoyin jini masu ciyar da gindin ƙwaƙwalwa. In aka ja shi da ƙarfi, ana iya jawo kurumta, karkacewar baki, matsalar haɗiya, har da shanyewar ɓarin jiki. Ƙwararren likita yakan gwammace ya bar ɗan guntun da ya maƙale, ko da yake ƙullutun na iya sake taruwa bayan shekaru. Hakan ya fi.

Akwai wata matsalar kuma. In abin cikin ya zube a ruwan ƙwaƙwalwa, yakan haddasa sanƙarau marar ƙwayar cuta, da zazzaɓi da sanƙarewar wuya. Don haka ake wanke wurin sosai kafin a rufe, a kuma ba da maganin kumburi irin su dezametazon. Bayan tiyata, ruwan ƙwaƙwalwa na iya yoyo ta ɗinki ko ta hanci. Wannan a sanar da likita nan take. Bayan sallama kuma, za a ci gaba da hoton MRI lokaci-lokaci na tsawon shekaru.