Baba Mai Karnuka: laccar tunawa da wani ɗan mazan jiya

An gabatar da wannan lacca a Mabera, cikin garin Sakkwato, a zaman addu'ar da masu aikin wuta na unguwar suka shirya. Mai jawabin tsohon yaron marigayin ne a sana'a. An kwafo ta daga rikodin waya, an ɗan gyara.

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Manzon Allah. Ranka ya daɗe mai unguwa, iyayenmu 'yan mazan jiya da kuka fito cikin wannan hunturu, malamaina, abokan sana'a, assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla.

Da gangan muka zaɓi yau. Ranar 15 ga Janairun 1970 aka kawo ƙarshen yaƙin basasa, ita ce kuma ranar da ƙasar nan take tunawa da 'yan mazan jiya. Wanda muka taru dominsa yana cikinsu. In na faɗi sunansa na yanka, rabinku ba za ku gane shi ba. Baba Mai Karnuka kuka sani. Wasu da ƙauna suke kiran sunan, wasu da ɗan yatsina. Ni kaina da yatsinar na fara.

Lokacin da yaƙi ya ɓarke a Yulin 1967, sojan Najeriya duka wajen dubu 10 ne. Kafin a ajiye makamai sun kai kusan dubu 250. Daga gona da kasuwa da makarantar allo aka kwaso samarin da suka cike wannan lissafi, Baba yana cikinsu. Aka jefa shi sashen injiniyoyi, can ya fara riƙe filaya. Shekara 11 na yi a ƙarƙashinsa, ban taɓa jin ya baje labarin fagen daga ba. In an matsa masa sai ya ce an yi kare jini biri jini, Allah kada Ya maimaita. Labari ɗaya ne yake bayarwa da son ransa: wani ramammen kare da suka tarar a ƙauyen da mutane suka watse, ya jefa masa guntun biskit, karen ya bi su. Daga ranar, in ji shi, ya soma samun barci, don ya san akwai kunnen da ya fi nasa.

Da ya tuɓe kaki sai ya shiga NEPA, wadda aka kafa a 1972 bayan an haɗe tsohuwar hukumar lantarki ta ECN da hukumar madatsun Neja. Duk yaron da ya zo koyo, sai Baba ya sa ya haddace hanyar wutar da yake sha: daga madatsar Kainji da aka kammala a 1968, ta biyo babban layi zuwa Birnin Kebbi, sannan ta iso Sakkwato. Wai wanda bai san inda abu ya fito ba, ba zai girmama shi ba. Ya yi ritaya kafin a sauya wa NEPA suna zuwa PHCN a 2005, balle sayar da kamfanonin wutar ga 'yan kasuwa a 2013. Mu dai har gobe in fitila ta kama, NEPA muke cewa sun kawo.

Bayan ritaya ya buɗe shago, nan na same shi. Bari in ba ku abin da ya faru da ni a Runjin Sambo, cikin zafin Afrilu, irin wanda fanka ke hura wa mutum iska kamar daga bakin tanda. An ɗauke wuta a unguwa tun safe. Na hau tsani zan gyara wayar da ta shigo wani gida, na miƙa hannu haka nan ba testa. Sai na ji an damƙe mini ƙafa. Baba ne. Ya ce, "Kai ɗiyana, wa yac ce maka ta mutu?" Na ce ai gari duka ba wuta. Ya miƙo testa. Ina ɗora ta, ta kawo ja. Ashe maƙwabci ne ya tada janareta bai raba layinsa da na waje ba, wutarsa ta biyo waya ta dawo. Bolt 230 ke jira na a saman tsanin ƙarfe, ga gumi sharkaf. Ƙa'idarsa ke nan: waya tana da rai sai ka gwada, testar ma ka fara gwada ta inda ka tabbata akwai wuta. Samarinmu da ke gwada waya da bayan yatsa, ina ganinku, da ku nake.

Sai daga baya na lura yadda yake bi da waya haka yake bi da kare. Ba ya tsoronsa, ba ya kuma yi masa wasan banza. A kangon bayan gidansa yake ajiye su, don gadin shago da awakinsa, ba su taɓa taka ɗakin kwana ko wurin salla ba. Kasko biyu na ruwa ƙarƙashin dogon yaro, a sauya safe da yamma. Ƙanzo da ƙasusuwan da yake karɓowa wurin mahauta. Bayan la'asar zai zauna kan benci, ya kama kunnen kare, ya riƙa cire kaska ɗaya bayan ɗaya yana jefawa cikin gwangwanin kananzir, karen ya lumshe ido kamar wanda ake yi wa aski.

Ni ba malami ba ne, ga malamai nan za su gyara mini. Baba ya san hadisin da ya ce mala'iku ba sa shiga gidan da ke da kare, ya san wanda ya ce ladan mai ajiye kare yana raguwa kullum in ba na farauta ko kiwo ko gona ba ne. Shi ya sa ya yi musu kango. Amma ya san sauran. Ya san a mazhabarmu ta Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau bakwai in ya sa baki bin umarni ne. Ya san hadisin Bukhari da Muslim na mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare, Allah Ya gafarta masa. In ya ga yara na jifan kwikwiyo, sai ya tambaye su wa ke kwance a bakin kogo cikin Suratul Kahfi.

Wata rana karen bola ya ciji wani yaro a layinmu. Mata sun fito, wannan ta ce a shafa toka, waccan ta ce a ɗaure da tsumma. Baba ya sunkuci yaron zuwa famfo, ya sa sabulu yana wanke ciwon, uwar tana kuka tana cewa, "Baba, mi kaka yi mai?" Bai ɗago ba sai da minti 15 ta cika a agogonsa, sannan ya goya shi a babur zuwa asibiti aka fara allura ranar. Haukar kare in ta bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi, wannan wanki da allurar tun kafin ta bayyana su ne kariya. Nasa karnukan kuwa duk shekara sai an yi musu rigakafi, katin yana cikin gwangwani ɗaya da takardarsa ta sallama daga soja.

Mu fa? Ƙarfe biyun dare in fis ya ƙone, ƙofarsa muke bugawa. Amma akwai wanda in ya gaisa da shi sai ya je ya wanke hannu a ɓoye. Ni na yi wata shida ina ƙin shan furar gidansa, ina cewa na ƙoshi. Ya gane sarai, bai taɓa cewa komai ba, kullum sai ya tura mini ludayin.

Karnuka uku ya bari. Tsohon cikinsu har yanzu bayan la'asar sai ya zo ya kwanta gindin bencin. Iyali ba za su iya da su ba. Na ɗauki ɗaya, saura biyu, kuma allurarsu ta wata mai zuwa ce. Mai gona ko garke da yake buƙata ya same ni bayan an shafa, katin yana aljihuna.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa can ta fi nan. Malam, bismillah, a yi mana addu'a.