Bangon kwali: me ya sa sunan littafi ke zamewa daga ƙashin baya?

Jama'a, barkanmu da warhaka. Ƙorafi ɗaya ne ya yi yawa kwanan nan: an tsara bango a kwamfuta, komai tsaf, an buga an ɗaura a kwali, sai ga sunan littafi ya zame daga ƙashin baya, wato siririn gefen da ke haɗa bangon gaba da na baya, ya leƙo gaba, hular mutumin da ke hoto kuma ta shige ciki. Sai a hau zagin maɗaba'a. Alhali galibi awo ne ya kuskure tun ba a sa hoto ko ɗaya ba.

Ko manhajar InDesign kake aiki da ita, ko Affinity Publisher, ko Scribus ta kyauta, ko CorelDRAW ɗin nan da masu ɗab'inmu ba sa rabuwa da ita, tsarin ɗaya ne. A shimfiɗe ake zana bango, ga shi kuna gani: baya a hagu, ƙashin baya a tsakiya, gaba a dama. In littafin Larabci ne ko ajami, sai gaba ya koma hagu.

To, a nan za mu ja birki. Mu ce littafinka shafi 300 ne. Shafi 300 ba falle 300 ba ne, tunda kowane falle shafi biyu yake ɗauke da su, ciki da bai. Falle 150 ke nan. Yanzu ku dubi wannan rim ɗin takarda mai giram 80: falle 500 ne a ciki, kaurinsa wajen santimita 5. In ka raba, falle ɗaya kusan milimita 0.1 ne. Sau 150, milimita 15.

Dakata, kar ka rubuta 15 tukuna! Da bangon takarda ne, da an gama. Amma nan kwali biyu za su rungume littafin, ɗaya gaba ɗaya baya, kowanne kaurinsa milimita 2 zuwa 3. In mai 2.5 ne, ƙashin bayan ya tashi milimita 20, ban da ɗan abin da zaren ɗinki da gam za su ƙara. Milimita 5 a baki ba komai ba ce, amma ku ga yadda take ture rubutu gefe. Kuma takarda mai ruwan madara ta kan fi fara kauri ko da nauyinsu ɗaya, don haka ka tambayi mai ɗab'i wace takarda zai sa, kafin ka taɓa linzami.

Ku matso ku ga wannan kwarmin da ke tsakanin ƙashin baya da kwali. Nan ne bango ke lanƙwasa in an buɗe. Amazon KDP, sashen buga littattafai na kamfanin Amazon, milimita 10 suke ware masa ta kowane ɓangare. Launi ya ratsa ta wurin, ba laifi, amma harafi ko fuskar mutum, a'a.

Sai gefuna. Milimita 3 ɗin da aka saba bari don yanka ba ta isa a nan, domin ba yanke takardar za a yi ba, naɗe ta za a yi a bakin kwali a manne ta ciki, kamar yadda tela ke barin yadi don kalmasa. Milimita 15 zuwa 20 ake bari ta ko'ina. Kwalin kansa ya ɗara shafi da kamar milimita 3 sama da ƙasa. Littafin A5 tsayinsa milimita 210, kwali ya zama 216, da naɗi 15 sama 15 ƙasa, 246 ke nan. Hoton da rubutu ke kansa ya malala har can ƙarshe, rubutu kuwa ya yi zamansa a ciki.

Ni dai shawarata, kar ka sa launin ƙashin baya ya bambanta da na gaba da layi kaifi ɗaya. Hannu ko inji, sai an samu gocewar milimita ɗaya ko biyu, layin nan kuma shi zai tona asiri. Sannan a InDesign na fi son shafi uku a jere maimakon ɗaya mai faɗi, domin marubuci ba ya rasa “ɗan ƙarin babi” ana gobe bugu. Sai ka faɗaɗa na tsakiya kawai.

Sauran da sauri. Rubutun ƙashin baya daga sama zuwa ƙasa, yadda in littafin na kwance fuska sama za a karanta shi daidai. Faransawa su daga ƙasa suke farawa. Hotuna 300 dpi (ɗigo 300 a kowane inci), launi CMYK (tsarin launin injin ɗab'i). Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, wadda a Najeriya Ɗakin Karatu na Ƙasa ke bayarwa, ta zauna a bangon baya can ƙasa, kan farin fili, nesa da kwarmi da naɗi. Ka fitar da PDF, ka nemi a haɗa maka kwafi ɗaya ka riƙe a hannu kafin a buga sauran.