Wa Ke Naɗa Tauraron Waƙa A Yau?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake saduwa. Yau zancenmu a kan waƙa ne da mawaƙa, da yadda intanet ta sauya hanyar da mutum ke bi har sunansa ya zaga duniya. Daga nan gida Kaduna za mu ɗauko zaren, domin garin nan ya ga kusan kowane mataki na wannan harka da idonsa.

A 1962, zamanin Sardauna, aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Arewa a nan Kaduna, wanda daga baya muka sani da Rediyon Najeriya Kaduna. Muryar tashar nan tana ƙetare iyaka, ana kama ta a Nijar da Kamaru da Gana. Kafin zuwanta, makaɗi da ubangidansa yake tafiya: sarki, ko attajiri, ko masu wata sana'a da yake yi wa kiɗa. Da rediyo ta zo, sai muryoyin su Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya Jos suka shiga gidajen da ƙafarsu ba ta taɓa takawa ba. Dattawanmu suna tuna shirin Zaɓi Sonka. Sai ka sayi kati, ka rubuta sunayen waɗanda kake gaisarwa, ka aika, ka zauna jiran ranar da za a karanto. Jama'a ke zaɓa, gaskiya ne, amma daga cikin abin da ma'aikatan tashar suka riga suka ɗauka suka ajiye. Wanda bai samu shiga wannan ɗaki ba, komai zaƙin muryarsa, a garinsu zai tsufa.

Sai kaset ya zo, sai fina-finan Hausa suka bunƙasa a shekarun 1990. A nan aka yi wani abu da matasan yanzu ba za su gane zafinsa ba. Mawaƙi ya rubuta waƙa, ya shiga situdiyo ya rera, amma a fim jarumi ne zai hau kanta yana motsa baki. Duk gari ya haddace waƙar, ana nuna jarumin a titi, shi kuwa mai muryar yana iya shiga motar haya daga Kawo zuwa Kasuwar Gumi, waƙarsa na tashi a rediyon motar, ba wanda zai waiwayo ya dube shi. Kuɗin kuma yana hannun furodusa da 'yan kasuwar da ke buga kaset da faifai. An biya ka na aikinka sau ɗaya, shi ke nan an rabu.

A 2001 wayar salula ta shigo Najeriya. Ba a jima ba aka samu wayoyi masu ɗaukar memori, sai ga masu turi a kowace kwana. Kun san su: ɗan teburi a bakin titi, lema, tsohuwar kwamfuta, sifika tana ta ɓarin kiɗa. Ka zare memorinka ka miƙa, ka ce a cika maka da sababbi, ka ba da 'yan canji. Ka koma majalisa, abokai su kwashe ta Bluetooth, daga baya ta Xender. Wannan ne ya durƙusar da kasuwar faifai a Arewa tun kafin yawancinmu mu san wata manhajar sauraron waƙa ta intanet wai ita Spotify. Mawaƙi bai samu ko sisi daga turin nan ba, amma sunansa ya fara tafiya tare da waƙarsa, domin da yawa sun koyi ambaton sunansu a cikin waƙar kanta.

A can waje kuma, YouTube ya fito a 2005. A ƙarshen 2012 bidiyon wani mawaƙin Koriya ta Kudu mai suna Psy ya zama na farko da aka kalla sau biliyan 1 a YouTube, da harshen da mafi yawan masu kallon ba sa ji. Daga ranar aka gane cewa ba dole sai da Turanci ba, kuma ba dole sai wani babban kamfani a Amurka ya sa maka hannu ba.

Ba ma sai mun je Koriya ba. CKay a nan Kaduna aka haife shi, kafin ya koma Legas neman sa'a. A 2019 ya fitar da Love Nwantiti. Ta yi ɗan tashenta, ta lafa. Sai a 2021 masu TikTok suka tono ta, aka sake sarrafa sautinta, aka haɗa mata rawa, yara daga ƙasashe daban-daban suka yi ta hawa. Waƙar da ta shekara 2 a kwance ta miƙe ta shiga jerin waɗanda suka fi tashe a Ingila da Faransa da Amurka. Da mujallar Billboard ta buɗe jerin waƙoƙin Afrobeats na Amurka a 2022, ita ce ta fara zama ta ɗaya. Ba wani gidan rediyo da ya tsara wannan. Mutanen da bai taɓa gani ba ne suka ɗauki waƙar suka yi mata talla kyauta.

Mu ma a waƙar Hausa mun ga irinsa. A 2020, lokacin kullen korona, kowa na zaune a gida da waya a hannu, waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta mamaye ko'ina, matan aure suna ɗaukar bidiyo suna taka wa mazajensu rawa. An yi ta cece-kuce, wasu na yabo wasu na Allah wadai, kuma kowace muhawara ƙara wa waƙar gudu take yi. A ɓangaren hip-hop kuwa, ga DJ AB da abokansa na ƙungiyar mawaƙa ta YNS (Yaran North Side) a nan garin, waɗanda suka tara masoyansu ta waya kai tsaye, da Hausar titin Kaduna, ba tare da sun jira fim ya ɗauke su ba.

To yaya abin yake aiki? A TikTok, idan ka ɗora bidiyo, manhajar takan fara nuna shi ga mutane kaɗan, ko da ba sa bin ka. Tana lura: sun kalla har ƙarshe? Sun maimaita? Sun tura wa wani? Sun ɗauki sautin sun yi nasu? In amsar ta yi kyau, sai ta ƙara faɗaɗa shi, ta sake aunawa. Shi ya sa yaron da ke da mabiya 50 a Rigasa zai iya kwana ba wanda ya san shi, ya wayi gari wayarsa na neman fashewa. Wannan lissafi bai san zurfin baiti ba, bai san azanci ba. Abin da ya sani kawai shi ne ko yatsanka ya tsaya ko ya wuce.

Kuma wannan ya shiga cikin jikin waƙar kanta. Ku leƙa ƙaramin situdiyo a Tudun Wada ko Unguwar Sanusi: ɗaki ɗaya, an manna soso a bango, janareta na kuka a waje, mai kiɗa na gaban kwamfuta da fiyano. Za ka ji yana ce wa mawaƙi, "Malam, kawo amshin nan gaba, in ka tsaya doguwar shimfiɗa wucewa za su yi." Gaskiya ya faɗa masa. Spotify ba ya lissafa cewa an saurari waƙa sai an kai daƙiƙa 30, a TikTok kuwa ko hakan ba ka samu. Shata yakan ɗauki waƙa ɗaya ya yi ta jan ta, yana saƙa sababbin baitoci nan take, 'yan amshi na karɓa. Yau ana gina waƙa ne a kan gaɓa ɗaya da za a yanka a yi rawa da ita. Ni dai ina jin wannan rashi a raina, domin Hausa harshe ne na baiti da habaici da kirari, kuma waɗannan suna son a ba su fili. Sai dai ba zan ɗora wa yaron laifi ba, kasuwar da ya tarar ke nan.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar: kuɗi. Mutane na ganin waƙa ta tara miliyoyin kallo sai su ɗauka mai ita ya haye. Kafin YouTube ya fara raba maka kuɗin talla a dogayen bidiyo, sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara guda. In ka cika ma, abin da za ka samu ya danganta da inda masu kallonka suke, domin masu talla sun fi biya da tsoka a kan mai kallo a Amurka fiye da na Najeriya ko Nijar. Spotify bai shigo Najeriya ba sai 2021, kuma da naira 900 a wata ya fara, lokacin da ake biyan kusan dala 10 a Amurka. Tunda daga abin da aka tara a kowace ƙasa ake raba wa masu waƙa, sauraro dubu a nan ba zai yi daidai da sauraro dubu a can ba. Ga shi mafi yawanmu ma ba ma biya, a Audiomack ko Boomplay muke ji kyauta, ko mu sauke daga shafukan da ba su nemi izinin kowa ba. Saboda haka har gobe abincin mawaƙin Hausa yana wurin biki da liƙi, da tallar kaya, da waƙar siyasa in kakar zaɓe ta zo. Intanet ta ba shi fuska da suna, amma sau da yawa sai ya koma ga mai kuɗi kafin tukunya ta hau wuta.

Sunan ma ba ya daɗewa kamar da. Wanda ya yi tashe da ƙaramar salla, kafin babbar salla an koma kan wani. Wannan ne ke tura wasu ga faɗan da aka shirya, da zagi, da abin da zai ja magana ko da zai zubar da mutunci, don kada a manta da su. Kuma masu barkwanci da masu rawa da masu sharhi duk sun shigo fili ɗaya suna neman idon mutum ɗaya.

Ƙanina mai shirin shiga situdiyo, ga abin da zan roƙe ka. Najeriya ta samu sabuwar dokar haƙƙin mallaka a 2023, kuma ta taɓo abin da ake ɗorawa a intanet, har da damar neman a sauke aikinka in an ɗora ba da yardarka ba. Amma doka ba za ta taimake ka ba in ba ka da shaida. Kafin waƙa ta fita, ku zauna da mai kiɗa ku rubuta wa ke da me, kashi nawa ne na kowa. Tashar YouTube ɗinka ta kasance da imel ɗinka da lambarka, ba na manaja ko na wani aboki ba. In za ka ba kamfanin rarraba waƙa aikinka, ka nemi wanda ya iya karatun yarjejeniya ya duba maka shekara nawa za su riƙe ta, da yadda za ka karɓe ta in kun ɓata.

A bidiyo na gaba za mu bi waƙa ɗaya tun daga situdiyo har zuwa asusun banki, mu ga hannu nawa ke taɓa kuɗin kafin su iso ga mai muryar. Sai mun haɗu, Allah Ya bar zumunci.